Sawun da Bai Waiwaya Ba

Da safiyar ranar da motar asibitin birnin Mithi za ta zo ɗaukar kaki, na iso ɗakin shan magani na tarar da ƙofa a wangale. An ɓalle kwado, ba kuma da wata gwaninta ba, da dutse aka yi ta dukansa har ya haƙura. Kabad ɗin magani na nan ba a taɓa ba. Batirin sola, wanda duk ɓarawo mai hankali shi zai fara sunkuta, yana nan. Abu ɗaya ne babu: kular ƙanƙara da na jera kwalaben kakin masu tari a ciki.

Ni ce Zulekhan, ma'aikaciyar lafiya ta ƙauyen Sanwalo, kuma in aka ce raina ya ɓaci an rage. Wata da watanni ina bin gida-gida ina lallashin mutane su tofa a kwalba. Tarin fuka ya daɗe a cikinmu, kuma na yanzu ya daina jin maganin da aka saba ba shi. Shi ya sa ake kai kakin ɗakin gwaji, su raini ƙwayar cutar kowa daban, su gwada ta da magunguna, su gano wanda ke kashe ta da wanda take sha kamar shayi. Mutanenmu kuwa gani suke ba da kaki tonon asiri ne. Ba su yarda ba sai da Ra'is Dost Ali, mai gonakin da rabin gari ke nomawa, ya ce duk mai tari ya bayar ko ya daina taka masa zaure. Ranar kuwa mawaƙin gidansa, Ustad Saindad, shi aka sa ya fara tofawa a gaban kowa don a ga ba abin kunya ba ne.

Kafin hantsi gari ya taru. Mata sun riga sun kife sawun ɓarawon da kwanduna don kada awaki su tattake. Ra'is ya iso, Ustad Saindad na biye da shi cikin takalmansa masu aikin zare, yana wa kowa murmushi.

"Wanda ya yi wannan ni ya yi wa," in ji Ra'is. "Na rantse da kan 'ya'yana, ba zai sake kwana a Sanwalo ba, shi da iyalinsa. Ko ba haka ba, Ustad?"

"Haka ne, Sain," in ji Ustad, wato ranka ya daɗe a bakinmu.

Aka aika a kira Kaka Tamachi, mai bin sawu. Shi Tamachi ido ƙasa yake yawo, in ka gaishe shi ƙafarka yake fara kallo kafin ya amsa. Ya taɓa bin raƙumin sata har bakin iyaka ya dawo da shi. Ya tsuguna, ya ɗaga kwando ɗaya, ya daɗe yana kallo kamar mai tsintar tsakuwa a gero.

"Takalmin Khamiso ne," ya ce. "Ga facin taya a dunduniyar hagu. Amma tafiyar..."

Ba wanda ya tsaya jin sauran. Khamiso shi ne makaɗin Ustad, yana buga masa ganga tun kafin gemu ya fito masa, kuma kowa ya san in an je biki yakan ɗan leƙa bayan shinge ya kurɓi giya. Sawun kuwa ko makaho ya shafa ya san na mai tangaɗi ne. Aka kamo shi, aka kulle a ɗakin ajiyar hatsi na Ra'is. Matarsa ta zauna a ƙofa da 'yan matanta ƙanana tana kuka, ga geronsu ya kusa isa yanka.

"Sain, a ba ni zuwa la'asar," in ji Tamachi.

"Ai ka riga ka faɗa, Kaka."

"Na faɗi mai takalmi. Ban faɗi mai ƙafa ba."

Ra'is ya ba shi zuwa la'asar, don dai tsufansa.

*

Na bi shi, don kular tawa ce. Sawun ya fito daga ƙofa, ya zagaya bayan gini, ya nufi hanyar rijiya. Tamachi na tafe yana nuna mini da sanda.

"Duba, Adi," ya ce, don haka muke kiran 'yar'uwa. "Ƙafafun a ware suke kamar mai tsallake kwata. Nan ya dafa bango. Nan ma. Mashayi ƙafafunsa harɗewa suke, yatsu na jan ƙasa. Wannan ɗaga ƙafa yake sosai ya dire da ƙarfi, yana neman ƙasa kamar ba ta nan."

"To waye?"

"Ban sani ba." Ya faɗa da jin haushi. "Ba ƙafar da ban sani ba a garin nan. Wannan tafiyar ban taɓa ganinta ba, kuma ba baƙo ba ne, ya san inda kowace ƙaya take."

Kusa da rijiya garken awaki ya share komai. Muka juyo muka tafi wurin Khamiso. Yana zaune kan buhu, leɓensa a fashe.

"Khamiso, a ina ka kwana?" in ji Tamachi.

"A gida."

"Matarka ta ce ba ka kwana a gida ba."

"To a waje."

"Kai ka ɗauki kular?"

"Takalmina ne, ko ba ka ce ba?"

"Ɗan nan, tambayarka nake. Ina ka kai ta?"

Ya kau da kai yana kallon rufi. Ni haƙurina gajere ne.

"Kai Khamiso, kana da hankali kuwa? Da yamma za a watsa maka kaya a titi da matarka da 'ya'yanka. In ba kai ba ne ka buɗe baki mana!"

"Adi Zulekhan, ki je ki ji da masu tarinki," ya ce. "Ni na sha, na bugu, ban tuna komai ba."

Da muka fito Tamachi ya tofar da yawu. "Ƙarya yake. Na matsa kusa da shi, warin albasa kawai na ji."

*

Ni tun farko zargina yana kan Dakta Liyakat ne, mai shagon allura a mararrabar titi. Daktan nan a baki ya tsaya, ya taɓa yin shara ne a wani asibiti a birni ya dawo da farar riga. In gwaji ya fito aka fara ba mutane magani kyauta, shi ne zai fara jin jiki. Muka hau motar kaya muka same shi yana cin gurasa da albasa, tumbi a gaba.

"A'a, Adi ta gwamnati! Yau kuma ke ce a shagon talaka? Kaka, ciwon gwiwa ne? Zo in yi maka guda ɗaya ka koma yaro."

"Tashi ka ɗan taka in gani," in ji Tamachi.

"Ni? Ni kuke zargi da satar kaki? Wallahi ko kyauta aka ba ni! Me zan yi da shi, miya?"

Ya dai tashi ya taka, yana dariya. Ƙafarsa faɗi gare ta kamar faranti, ko rabinta ba zai shiga takalmin Khamiso ba. Tamachi ya girgiza kai. Na ji kunya ta kama ni, na juya zan fita, sai idona ya faɗa kan kwalin shara. Cike yake da ƙananan kwalaben allura. Na ɗauki ɗaya na karanta. Tsohuwar allurar tarin fuka ce, wadda mu aka hana mu taɓawa sai da gwaji da awon kunne.

"Wa kake ɗura wa wannan?"

"Sirrin mara lafiya ne, Adi. Ba a koya muku ba?" Ya kashe ido. "Manyan mutane ke zuwa mini ta ƙofar baya, waɗanda ba sa son a gan su a layinki."

"Ka san abin da take yi wa mutum?"

"Tana busar da tari, cak. Wani yakan ce kansa na juyawa, sai in ce ciwon ne ya hau sama, in ƙara masa."

Da ba don Tamachi ya ja mayafina ba, da na kwaɗa masa kwalin a ka.

*

Mun dawo rana ta take, muka tsaya shan ruwa a gidan Mai Jannat, tsohuwar da ke maƙwabtaka da ɗakin shan magani. Ita ba a tambayarta, tambayar kanta take ta ba da amsa.

"Ni fa na ji shi! Daron nan naki na ƙarfe, Zulekhan, da kike jinginawa a bayan gini, shi ya faɗo kan siminti. Ƙarar sai da ta tashe ni zaune. Ɗawisu suka ɗauki ihu a kan rufi, karnuka suka karɓa. Na ce aljanu ne, na ja bargo."

Tamachi ya ajiye kofin bai sha ba. Ya fita da sauri irin wanda ban san yana da shi ba. Na same shi durƙushe a gefen daron.

"Zo ki gani. Nan kular ta bugi daron, ya faɗi a bayansa. Yanzu dubi sawun."

"Ban ga komai ba."

"Shi ne ai. Ba komai. Ɓarawo yana cikin duhu, ƙarfe ya faɗi a bayansa har ya tada unguwa. Ko dai ya zabura, ko ya tsaya cak, ko ya juya dunduniya ya waiwaya. Ko raƙumi sai ya canza taku. Wannan yadda yake tafe kafin daron, haka yake tafe bayansa." Ya ɗago ya dube ni a fuska, abin da ba ya yi. "Bai ji ba, Adi. Amma mu ba mu da kurma a garin nan."

Na ciro kwalbar da na ɗauko daga shagon Liyakat na nuna masa.

"Kaka, allurar nan in ta yi yawa kunne take ci. Farko mutum ya riƙa jin ƙara kamar kukan gyare, sannan ji ya tafi. A cikin kunnen kuma akwai abin da ke riƙe mutum a tsaye, shi ma tana lalata shi. Da rana mutum zai iya lallaɓawa, ido na taimakonsa. In duhu ya yi sai ƙasa ta ɓace masa."

"Shi ya sa ban gane tafiyar ba," ya ce a hankali. "Ta rana na sani. Khamiso in bai kwana gida ba, a ƙofar wa yake cire takalmi?"

Na tuna wanda watannin nan ba ya tafiya sai hannunsa na kan kafaɗar Khamiso, muna cewa girma ne ya zo. Na tuna bikin da ya wuce, ya juya wa baƙi gefe yana waƙa idonsa na kan hannun makaɗinsa. Na san wanda Tamachi ke nufi, kuma ban so na sani ba. Da waƙarsa aka kai uwata ɗakin miji, da ita aka kai ni.

"Za ka faɗa?" na tambaye shi.

"Ni ba na kiran suna sai ƙafa ta taka a gabana. Shi kuma wa zai ce masa ya taka?"

*

Da la'asar aka share yashi a ƙofar zauren Ra'is, aka lallaɓe shi da tsintsiya kamar yadda ake yi. Aka jera duk mazan da suka ba da kaki, aka fito da Khamiso. Ra'is na kan gadon igiya, Ustad Saindad na gefensa, ba wanda ya ko yi tunanin sa shi a layi.

"Kowa zai sa takalmin Khamiso ya taka," in ji Tamachi. "Amma a ɗaure masa ido da rawaninsa."

"Wannan kuma wane sabon salo ne, Kaka? Wasan yara za mu yi?"

"Cikin duhu aka yi satar, Sain. Cikin duhu za a taka."

Suka taka ɗaya bayan ɗaya, ana ta dariya, wani na laluben iska, wani ya nufi wurin mata aka kora shi da ihu. Tamachi na duba kowane sawu yana girgiza kai. Da aka zo kan Khamiso sai ya hau tangaɗi, ya yi dama ya yi hagu, ya zube.

"Ga shi nan!" in ji jama'a.

"Tashi, ɗan nan," in ji Tamachi. "Ganga ka iya, ba ƙarya ba. Ka zaɓi wuri mai laushi kafin ka faɗi. Ba shi ba ne, Sain."

"To wa ya rage?"

Tamachi ya sunkuyar da kai yana kallon yashi.

"Kaka, na ba ka yini guda. Takalmi nasa, shi da bakinsa bai musa ba. In ba ka da wani, rantsuwata na nan. Ku je ku fitar masa da kaya."

Majiya ƙarfi biyu suka riƙe Khamiso. Matarsa ta ƙwalla ƙara ta faɗi a ƙasa, yaran suka rirriƙe ƙafar ubansu. Ni na buɗe baki ke nan zan yi magana, sai na ga Ustad Saindad ya miƙe. Bai ji ko kalma ɗaya daga abin da aka faɗa ba, amma yana da ido. Ya cire takalmansa masu aikin zare ya jera su a gefe. Ya sa na Khamiso. Ya warware rawaninsa ya ɗaure idonsa da kansa.

"Ustad, zauna!" Khamiso ya yi ihu. "Don Allah ka zauna!"

Ya taka. Ƙafafunsa suka ware, ya ɗaga ɗaya sama ya dire da ƙarfi, hannunsa na neman bangon da babu. Bai kai tsakiyar yashin ba ya durƙushe. Ba wanda ya yi dariya. Tamachi bai ma je ya duba sawun ba.

Ustad ya zare rawanin. Da ya yi magana muryarsa ta fita da ƙarfi fiye da kima, irin ta wanda ba ya jin kansa.

"Ni ne, Sain. Ku sake shi. Nawa takalman kowa ya san su, shi ya sa na sa nasa, ban yi tunanin abin da zai jawo masa ba. Kwalbata kaɗai na je ɗauka, amma ban iya karatu ba, duk iri ɗaya suke, sai na kwashe duka. Suna cikin tudun yashi bayan rijiya." Ya juyo gare ni. "Yayana Ramzan aka gwada kakinsa, aka tafi da shi asibitin birni, aka yi ta yi masa allura, ya dawo ko tsawa ba ya ji. Na ce ni ba za a kai ni ba. Na je wurin Liyakat a ɓoye don in warke kafin a sani. Yanzu saura kaɗan a kunnen dama, Adi. Ɗan kaɗan. In gwajinki ya fito za su kai ni su ƙarasa shi."

Na tsuguna na sa bakina a kunnensa na dama. Abin da ya kamata in faɗa masa a ɗaki mu biyu, sai da na faɗe shi da ihu a gaban gari duka.

"Ustad, an daina wannan! Yanzu ƙwaya ake sha! Allurar Liyakat ita ce irin ta Ramzan! Gwajin ne zai sa a raba ka da ita!"

Ya ji. Na ga lokacin da ya ji, don ya saki baki yana kallona. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Ra'is ya daɗe yana murza gashin baki. Yana son mawaƙinsa, amma ya rantse da kan 'ya'yansa a gaban mutane.

"Khamiso da iyalinsa su zauna," ya ce. "Ustad, motata za ta kai ka Mithi, ni zan ɗauki nauyin maganinka. Amma ka san abin da na faɗa."

Ustad ba shi da mata ba shi da ɗa, kayansa ƙulli ɗaya ne. Ana sa shi a mota sai ga Khamiso da ganga a kafaɗa. Ya tsaya gaban Tamachi.

"Wa ya ce ka cece ni, Kaka? Da ni aka kora, ko'ina na je zan samu bikin da zan buga. Shi fa?"

Ya ce wa matarsa ta yanke geron da 'yan'uwanta, ya hau mota ya zauna kusa da maigidansa.

*

Kular da muka tono rana ta riga ta dafa abin da ke ciki. Sai da kowa ya sake tofawa, wannan karon ba wanda na lallasa. Shagon Liyakat na kai ƙararsa, aka rufe, ya buɗe wani a gaba da wani suna.

A Mithi suka ɗauki sabon kakin Ustad. Da sakamakon ya fito likitar asibitin ta kira ni ta karanta mini, ni kuma na kira wayar Khamiso.

"Akwai ƙwayoyin maganin da ke kashe irin cutarsa," na ce. "In ya sha yadda aka ce, zai warke."

"Alhamdulillahi. Kunnen fa?"

"Abin da ya tafi ba ya dawowa, Khamiso."

"Na sani. Ita allurar, ta dai rage masa ciwon ko? Ko yaya?"

Na so in yi masa ƙarya, ban iya ba.

"Sun gwada ta a kan ƙwayar cutarsa. Ba ta yi mata komai. Tun ranar farko ba ta taɓa yi ba."

A bayansa na jiyo muryar da na sani tun ina goye ta ɗauki waƙa, da ƙarfi, tana hawa inda ya kamata ta sauka.

"Kada ki gaya masa wannan," in ji Khamiso. "Bari in je, Adi, ya fara. In bai ga hannuna ba, ba ya sanin inda zai tsaya."